Yajin Aikin Marubutan Fim da Talabijin: Daga Hollywood zuwa Kano

Yajin aikin marubutan fim da talabijin shi ne ajiye alƙalami da masu tsara labarin wasan kwaikwayo kan yi a ƙungiyance, don su tilasta wa kamfanoni ko hukuma biya musu wata buƙata. Ya sha bamban da yajin likitoci ko na direbobin tanka ta fuska guda: galibi ba a jin raɗaɗinsa ranar da aka fara. Kamfani yana da abin da ya riga ya ɗauka, tasha tana da tsofaffin shirye-shirye a ajiye, sai an kwashe makonni ko watanni kafin mai kallo ya ankara cewa labarin da yake bi ya tsaya cak, ko an guntule shi an rufe a gaggauce. A Amurka ne wannan al'ada ta kafu. A ƙasar Hausa kuwa, abin da ya fi kusa da ita ya faru ne a Kano a 2007 da 2008, kuma wani ikon Allah, farkonsa ya zo daidai da watannin da marubutan Hollywood suke nasu yajin.

Asalinsa a Amurka

Marubutan fim na Hollywood sun kafa ƙungiyarsu a 1933, lokacin da manyan kamfanoni ke ɗaukar marubuci tamkar akawu: a ba shi tebur da albashin mako, a saka sunan wanda aka ga dama a kan fim. Abu na farko da suka ƙwato shi ne ikon tantance sunan da zai fito a matsayin marubuci. A 1954 ƙungiyar ta koma Ƙungiyar Marubutan Amurka, wadda aka fi sani da WGA, mai reshe biyu, na gabas a New York da na yamma a Los Angeles.

Duk wanda ya bi tarihin yajin aikinsu zai ga rigima ɗaya ce take sake riga. Kullum aka samu sabuwar hanyar sayar da tsohon fim, sai tambaya ta taso: shin wanda ya rubuta labarin yana da kaso a wannan sabon ciniki? A 1960 talabijin ce sabuwar hanyar. Kamfanoni suna sayar wa tasoshi fina-finan sinima, marubuta ba sa ganin ko sisi. Suka tafi yaji a watan Janairu, suka kwashe kusan wata biyar, 'yan wasa suka bi sahu a ƙarƙashin shugabansu Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Daga nan aka samu fansho da asusun kula da lafiya, aka kuma ƙarfafa abin da za a iya kira ladan maimaici, wato kuɗin da ake biyan marubuci duk sanda aka sake haska aikinsa. Wannan lada shi ne ƙashin bayan sana'ar, domin marubuci yakan yi wata shida yana aiki, ya yi shekara yana zaune.

An sake yaji a 1973 da 1981 da 1985. Na 1985 mako biyu kacal ya yi, amma shi ya bar tabo mafi daɗewa, saboda a zamanin ne aka daidaita a kan ɗan ƙaramin kaso daga cinikin kaset na bidiyo, bisa hujjar kamfanoni cewa kasuwar sabuwa ce, ba a san inda za ta dosa ba. Kasuwar ta bunƙasa, faifan DVD ya maye gurbin kaset, kason bai motsa ba, har aka wayi gari marubuci yana samun kimanin santi 4 a kan faifan da ake sayarwa dala 20.

Mafi tsawo shi ne na 1988: daga 7 ga Maris zuwa 7 ga Agusta, kwana 153. A nan ne tasoshi suka koyi dabarun da suke amfani da su har gobe. Tashar ABC ta tono tsofaffin rubuce-rubucen shirin Mission: Impossible na shekarun 1960, ta sake ɗaukar su a Ostareliya. Tashar Fox kuma ta karɓi shirin Cops, wanda ya fara a 1989, inda mai kyamara kawai ke bin 'yan sanda a sintiri, babu marubuci babu ɗan wasa. Shirye-shiryen da ba sa bukatar rubutaccen labari sun fi araha, kuma da suka shigo ba su sake fita ba.

Kwana ɗari

Ranar 5 ga Nuwamba 2007 marubuta kimanin 12,000 suka ajiye aiki. Wannan karon intanet ce sabuwar hanyar, kuma ba su yarda a sake yi musu irin ta kaset ba. Shirye-shiryen barkwanci na dare, waɗanda ake rubutawa kullum a haska kullum, su suka fara mutuwa a daren farko. Da wasunsu suka dawo a Janairu 2008 ba tare da marubuta ba, an ga Conan O'Brien, mai gabatar da ɗaya daga cikinsu, yana juya zoben aurensa a kan tebur yana ƙirga daƙiƙoƙi don ya cinye lokaci. Bikin ba da kyaututtuka na Golden Globe ya rushe, domin 'yan wasa sun ƙi tsallake masu zanga-zanga, aka koma karanta sunayen waɗanda suka yi nasara a taron manema labarai.

Shirye-shirye masu dogon zango sun ji jiki, har da waɗanda matasan Arewa suka haddace a faifai. Zango na uku na Prison Break ya tsaya a kashi 13 maimakon 22 da aka saba. Zango na biyu na Heroes ya ƙare a kashi 11, kuma shirin bai sake samun karɓuwar da ya yi a farko ba. Breaking Bad, wanda a lokacin yake fitowar fari, ya tsaya a kashi 7 maimakon 9. Shi kuwa 24, na Jack Bauer, ba ya guntuluwa, tunda kowane kashi awa ɗaya ce daga yini guda. Sai aka ɗage zango na bakwai shekara sukutum zuwa Janairu 2009, aka toshe gurbin da ɗan fim mai awa biyu da aka ɗauka a Afirka ta Kudu. An janye yajin ranar 12 ga Fabrairu 2008, bayan kwana 100, marubuta sun samu kaso a abin da ake haskawa ta intanet. Cibiyar Milken ta ƙiyasta asarar jihar Kalifoniya a kan dala biliyan 2.1, kuma akasarin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu ba marubuta ba ne: kafintoci ne, da direbobi, da masu kwalliya, da masu dafa abinci a wurin ɗaukar fim.

Kano a waɗannan watanni

Kafin a fahimci abin da ya faru a Kano, sai an san matsayin marubuci a wasan kwaikwayon Hausa. Wasannin talabijin na da, irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Karambana na Ƙasimu Yero a Kaduna, da waɗanda NTA Kano da CTV 67 suka riƙa yi, sun fi dogara ga bakin ɗan wasa. Ana zama a tsara ƙashin labari, a ce kai ne maigida, ke ce uwargida, ga abin da zai haɗa ku. Sauran zance kowa ya zuba daga cikinsa. Fim ɗin bidiyo ya gaji wannan ɗabi'a. Duk da haka marubuta suna nan tun tushe: Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kuma littattafan adabin kasuwar Kano ne suka ciyar da masana'antar a shekarunta na farko, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, waɗanda duk aka mayar fim. Da salon waƙa da rawa ya yi kaka-gida bayan Sangaya a 1999, sai ɗan kasuwa ya koma tambayar waƙa nawa ce a fim ɗin da kuma fuskar wa ke kan fosta. Ba safai yake tambayar wa ya rubuta ba.

An taɓa dakatar da harkar fim a Kano a Disamba 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, abin da ya haifar da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001. Amma babbar girgiza ta zo a 2007. A watan Mayu gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ta hannun shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan hikaya na Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. A watan Agusta wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyi, gari ya ɗauki zafi. Aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hukumar Hisba, ya shugabanci hukumar tacewa, aka kuma tsayar da ɗaukar fim a jihar daga Satumba 2007 zuwa Fabrairu 2008. Wato a daidai lokacin da kyamarori suka yi shiru a Los Angeles saboda marubuta sun ƙi aiki, na Kano sun yi shiru saboda an hana kowa aiki.

Sababbin ƙa'idojin da suka biyo baya sun yi tsauri: kamfani ya nuna jarin naira miliyan 2.5, kowane ma'aikaci ya yi rajista, a kawo rubutaccen labari a duba kafin a fita ɗauka. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 kan faifan waƙoƙinsa na Bahaushiya, aka ɗaure Rabilu Musa Ibro a 2008, haka ma Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kan fim ɗinsa Tsintsiya. Da yawan 'yan fim suka tattara komatsansu suka koma Kaduna da Jos. Akwai abin lura a sharaɗin kawo labari a rubuce, wanda ba a cika ambata ba: hukumar da ta takura wa marubuci ita ce kuma, ba da niyya ba, ta sa furodusa ya kasa fita lokeshan sai da takardar marubuci a hannu.

A 2008 hukumar ta juyo kan marubutan littattafai, ta nemi kowane marubuci ya je ya yi rajista da kansa, a kuma riƙa tace littafi kafin ya shiga kasuwa. A nan ne aka yi yajin aiki na zahiri. Ƙungiyoyin marubuta na Kano, ciki har da reshen jihar na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wanda Ado Ahmad Gidan Dabino ke jagoranta, suka haɗa kai suka shelanta yajin gargaɗi na daina rubutu. Takaddamar ta lafa ne bayan shugabannin ANA na ƙasa, a ƙarƙashin Dakta Wale Okediran, sun shiga tsakani sun zauna da hukumar.

Yajin nan yana da ban mamaki idan aka dube shi da idon ɗan ƙwadago. Marubucin Kano na lokacin shi ne mai rubutawa, shi ne mai biyan maɗaba'a, shi ne mai ɗaukar kaya ya kai wa dillalai. Ba shi da ubangidan da zai yi wa yaji. In ya ajiye biro, aljihunsa ne zai fara kuka, hukuma kuwa ba ta rasa kwabo ba. Hasali ma abin da wasu a cikinta ke so ke nan. Ƙarfin yajin ya zo ta wata hanya dabam: jaridu sun ɗauka, marubutan kudu da na waje sun ji, maganar ta tashi daga batun tarbiyyar 'yan mata ta koma batun 'yancin faɗin albarkacin baki. A ganina wannan ba ƙaramar riba ba ce ga mutanen da shekara guda kafin nan ake cinna wa littattafansu wuta ana tafi.

Mai kallo a Gaya da Ajingi

Don ganin yadda tsaikon ya taɓa mai kallo a wajen birni, a duba Gaya da Ajingi, ƙananan hukumomi maƙwabta a gabashin jihar Kano, bayan an tsallake gadar Wudil, kusa da iyakar Jigawa. Gaya tsohon gari ne, wanda tarihin baka ke cewa daga cikinsa maƙeran Abagayawa suka fito suka zauna a gindin Dala. A yau masarautar Gaya ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Yawancin jama'ar manoma ne, kuma a shekarun da ake magana fim yana iso musu ne a faifai, ta hannun 'yan tireda da ke sarowa a Ƙofar Wambai ko Bata a birni.

Wuri biyu ake kallo a irin waɗannan garuruwa. Na farko gidan kallo: rumfar kwano ko zana, bencina a jere, janareto yana ruri a baya, allo a ƙofa an rubuta da alli wasan ƙwallon da za a nuna da fim ɗin da zai biyo baya. Wannan na maza ne, galibi samari. Na biyu tsakar gida, inda matan aure da 'yan mata ke haɗuwa a gidan da ke da talabijin, a aiki yaro ya karɓo faifai haya, a kalla a mayar kafin kuɗin ya ƙaru. Littattafan hikaya ma haka suke yawo, daga ɗaki zuwa ɗaki har bangon ya yage, wasu kuma a saurari karatunsu a rediyo.

Bambancin nan shi ya raba yadda tsaikon ya taɓa mutane. Mai gidan kallo yana da mafita: ga gasar Firimiya ta Ingila, ga fim ɗin Indiya, ga na Cana, ga na Amurka cunkushe a faifai ɗaya. Saurayin da ya sayi zango na uku na Prison Break ya ga ya ƙare da wuri zai fi zargin mai faifan da ha'inci, don ba kowa ya ji labarin wata WGA ba. Matan gida kuwa fim ɗin Hausa ne nasu, da harshensu, kan kishiya da uwar miji da auren dole. Su ne manyan masu saye, su ne kuma ba a jin muryarsu a muhawarar da ake tafkawa a gidajen rediyon birni kan a rufe ko a buɗe. Tsarin kasuwar ma ya ƙara dagula abin, tunda fim yakan fito kashi-kashi, na ɗaya ya ƙare da alƙawarin na biyu. Duk abin da ya tsayar da ɗauka ko ya riƙe faifai a teburin tacewa yana barin mai kallo rataye. Abin da ya rage shi ne maimaici, da kuma fina-finan da aka ɗauko a Kaduna da Jos, waɗanda shigarsu kasuwar Kano ke bukatar hatimin hukuma.

A Hollywood da Kano darasin mai kallo iri ɗaya ne: ba ya zama jiran tsammani, yakan koma wani abin, kuma ba lallai ya dawo duka ba. Bayan 'yan shekaru fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa, wadda kamfanoni irin su Algaita suka shahara da ita, ta cinye babban kaso na kasuwa, sannan masu tura fim a waya suka ƙarasa kashe faifai. Yau a bakin tasha za ka ga yaro da kwamfuta a ɗan shago, mutum ya miƙa memori a cika masa da kuɗi kaɗan. Ko sisi daga ciki ba ya komawa ga furodusa, balle marubuci.

Dalilin da yajin kuɗi ke da wuya a nan

Yajin WGA yana cizo ne saboda abu uku sun haɗu: kamfanoni ƙalilan ne kuma suna ciniki da murya ɗaya, kusan duk ƙwararren marubuci ɗan ƙungiya ne, sannan akwai lissafin da ke nuna nawa fim ya kawo bayan fitarsa. A Kannywood, masana'antar fim ɗin Hausa, furodusoshi ɗaruruwa ne, kowa da jakarsa. Marubuci yakan sayar da labari sau ɗaya a biya shi sau ɗaya, sau da yawa ba takarda sai amana, wani lokaci ma da cikon da sai an yi ta sintiri. In ya ƙi, akwai wanda zai karɓa a ƙasa da haka don dai sunansa ya fito, ko darakta ya ce shi ma ya iya. Ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta tattara furodusa da darakta da ɗan wasa da marubuci a inuwa guda, wanda ke da amfani wajen fuskantar gwamnati, amma mai biya da wanda ake biya suna zaune a benci ɗaya.

Indiya, wadda Bahaushe ya fi sanin fina-finanta, ta bi ta wannan hanya. Salim Khan da Javed Akhtar, marubutan Sholay, sai da suka ɗauki mai fenti ya bi fostocin Zanjeer a Bombay a 1973 yana rubuta sunayensu, don ba a saka ba. A Nuwamba 2008 kuma ma'aikatan talabijin na can suka yi yajin da ya sa manyan tasoshi irin su Star Plus da Zee suka koma maimaici na 'yan makonni.

Zamanin dogon zango

Abin da ya ɗaga darajar marubucin Hausa shi ne dawowar wasan talabijin. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019, da tsarin ɗakin marubuta, inda mutane da dama ke zama su tsara zango guda. Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka fito a 2020, YouTube ya zama kasuwa. Shirin da ke fita duk mako ba ya yiwuwa da a zo lokeshan a ƙirƙira. Dole a san abin da zai faru a kashi na 13 tun ana ɗaukar na 2. Masu kallo sun fara riƙe sunayen marubuta irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman da Yakubu M. Kumo, suna kuma gane lokacin da alƙalami ya sauya hannu.

A Amurka an sake yaji daga 2 ga Mayu zuwa 27 ga Satumba 2023, kwana 148, marubuta kimanin 11,500, 'yan wasa kuma suka shiga a Yuli, karo na farko da ƙungiyoyin biyu suka haɗu tun 1960. Rigimar ta shafi dandalai irin su Netflix, masu gajerun zanguna da ɓoye adadin masu kallo, da kuma fargabar a maye gurbin mutum da ƙirƙirarriyar basira. An ɗage bikin Emmy zuwa Janairu 2024, zangon ƙarshe na Stranger Things bai fito ba sai a ƙarshen 2025, jama'a kuma suka rungumi tsohon shirin Suits har ya kafa tarihin yawan kallo. Yarjejeniyar da aka cimma ta ƙayyade mafi ƙarancin marubutan da za a ɗauka a shiri, ta ba da ƙarin lada idan shiri ya samu karɓuwa, ta kuma hana a lissafa na'ura a matsayin marubuciya ko a tilasta wa marubuci amfani da ita.

A Kano kuwa tsaikon da ya biyo baya ya sake fitowa ne daga ofishin hukuma. A watan Mayu 2025 hukumar tacewa, a ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi kansa ɗan fim ne, ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Garwashi, bisa zargin ana sakin su ba tare da an kawo an tace ba. Wannan karon labarin ya isa Gaya da Ajingi a ranar, ta Facebook da TikTok da rediyo, kuma furodusoshi ne suka je suka zauna da hukumar don a warware.